Babi na Shida: Wa Ya Ce, Kuma Ina Maganarsa Ta Tsaya?

"Ni ma fa turo mini aka yi, to mene ne laifina?" Da wuya mako ya wuce ba ka ji wannan tambaya ba, ko a majalisar bakin kasuwa, ko a zauren WhatsApp na dangi. Mai yin ta da zuciya ɗaya yake yi. Bai ƙirƙiri komai ba, bai ƙara ko wasali ba, yatsa kawai ya sa ya danna. Tambayar tana da ƙanwa, wadda ake ji daga ɗaya ɓangaren: "Wallahi ba haka na ce ba." Shi ma mai wannan rantsuwa sau da yawa gaskiyarsa yake faɗi, ko da kuwa kowace kalma da aka jingina masa daga bakinsa ta fito.

Duka biyun tushensu ɗaya ne. Maganar wani ta shigo hannunka, za ka amsa ta ko za ka kai ta gaba. Me ya wajaba a kanka tsakanin karɓa da miƙawa? Amsar tana nan kusa, a cikin harshen da muke magana da shi, da kuma littattafan da aka rubuta a wannan ƙasa ta Gobir da kewayenta sama da shekara 200 da suka wuce.

Jiyau da ganau

Hausa ba ta bar mai ɗauko labari ya ɓuya ba. Dubi ƙananan kalmomin nan uku: "in ji", "an ce", "wai". Idan ka ce "in ji Sarkin Noma", ka ɗora maganar a wuyan mutum sananne, wanda za a iya zuwa ƙofar gidansa a tambaye shi. Idan ka ce "an ce", ka nuna akwai mai maganar amma ba ka kawo shi ba. Idan kuwa ka fara da "wai", ka janye jikinka ke nan, ka gaya wa mai sauraro cewa kai ma ba ka sa hannu ba. Matakai uku ne na nauyi, kuma ƙaramin yaro ma ya san bambancinsu tun kafin ya shiga makaranta.

Ka kai wa dattijo labari a Sabon Birni ko Isa, kafin ya ce komai a kan labarin zai tare ka da "Wa yac ce?" Idan ka ba da suna, sai ya bi da ta biyu: shi wanen ganau ne ko jiyau? Bai yi haka don ya ƙaryata ka ba. Auna maganar yake yi, kamar yadda mai sayen gero yake cusa hannu cikin buhu har ƙasa kafin ya yi ciniki.

Haka aka horar da mu wajen aike. Uwa za ta ce, "Je ka gaya wa Baffa kaza da kaza," sannan ta ce, "Maimaita in ji." Sai ka maimaita daidai za ta sake ka. Idan ka isa, da sunan wanda ya aiko ka za ka fara. Idan Baffa ya tambaye ka wani abu da ba ya cikin saƙon, ɗan aiken kirki yakan ce, "Ba ta faɗa mini wannan ba, amma ni a ganina..." Da wannan 'yar jimla ya shata iyaka tsakanin gonar mai aike da tasa. Mai shela ma a gari ba ya buɗe baki sai ya fara ambaton sarkin da ya sa shi, domin jama'a su san muryar tasa ce amma umarnin ba nasa ba ne.

Kalmar da ke rufe ƙofa

Malamanmu sun mayar da wannan tarbiyya ƙa'idar rubutu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya kuma yi zamansa na karantarwa a Degel, littattafansa cike suke da maganganun magabata. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami da ɗaya daga cikinsu ya san tsarin. Zai ambaci sunan malamin, irin su Magili ko Suyuɗi, sau da yawa har da sunan littafin, ya kawo maganar, sannan ya rufe da kalma guda: intaha. Ma'anarta, ta ƙare. Nan maganar wancan ta tsaya. Idan kuma marubucin zai sa bakinsa, sai ya buɗe da ƙultu, wato na ce. Mai karatu ba ya taɓa ruɗewa game da wanda ke magana a kowane layi.

Ina ganin wannan intaha ta fi komai muhimmanci a babin nan, domin galibin ɓarnar da ake yi wa maganar mutane a wutsiyarta ake yi. Mai kawowa ya faɗi abin da wane ya ce, sai ya zarce da fassararsa da zatonsa da haushinsa ba tare da ya ja numfashi ba, mai sauraro kuma ya kwashe duka ya ɗora wa wane. Ba a yi ƙarya a fili ba, ƙofar ce kawai aka bari a buɗe har kayan maƙwabci suka haɗu da naka.

Akwai kuma tsarin matani da sharhi. Mai sharhi yakan ɗauko guntun matani, a yawancin kwafe-kwafen hannu da jar tawada, ya yi bayaninsa da baƙa a ƙarƙashi, sannan ya ɗauko guntu na gaba. Kowace amsa tana zaune daf da abin da take amsawa. A bayan duk wannan akwai ilimin isnadi na malaman hadisi, inda ba a karɓar magana sai an jero waɗanda ta bi ta hannunsu ɗaya bayan ɗaya. Shehu da kansa ya rubuta littafi mai suna Asanid al-Faƙir, inda ya jero silsilar malaman da karatunsa ya biyo ta kansu.

Bello da Kanemi

Kawo maganar malaminka da aminci abu ne mai sauƙi, tunda kana ƙaunarsa. Jarrabawar tana wajen maganar abokin gaba.

Bayan an fara jihadi a 1804, yaƙi ya bazu har ya taɓa Borno. A 1808, shekarar da Alƙalawa ta faɗi aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, a shekarar ce kuma aka ci Birnin Gazargamu, babban birnin Borno. Sai wani malami na can, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, ya ɗauki alƙalami ya rubuto wa shugabannin jihadin. Tambayarsa mai tsauri ce: da wace hujja kuke yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka? Ya yarda akwai cin hanci, da cin dukiyar marayu, da wasu al'adu marasa kyau a ƙasarsu, amma ya ce waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mutum daga Musulunci, kuma ana samun irinsu a manyan ƙasashen Musulmi kamar Masar ba wanda ya kafirta su.

Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, ya amsa. Jigon amsarsa shi ne, yaƙin ya samo asali daga taimakon da sarakunan Borno suka bai wa sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu Usmanu, kuma a wurinsa wannan taimako hukuncinsa ya wuce na saɓo. Wasiƙu suka yi ta kai da kawowa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da Bello ya yi da su. Da ya zo rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, sai ya shigar da wasiƙun Kanemi cikin littafin, da zafinsu da hujjojinsu, sannan ya biyo da martani.

Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Littafin nasa ne, masu kwafe shi almajiransa ne, masu karanta shi mutanensa ne. Da ya ga dama da sai ya taƙaita maganar Kanemi cikin layi biyu masu rauni, ya rushe su cikin sauƙi, ya wuce. Bai yi haka ba. Sakamakon shi ne, yau ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a Maiduguri zai iya karanta hujjar Kanemi daga littafin wanda ya yi jayayya da shi, ya auna da kansa, har ma wani ya ga cewa a wasu wuraren Kanemi ya fi ƙarfin hujja. Bello ya san hakan na iya faruwa, ya kuma bar maganar yadda take. Ya sake yin irin wannan a Sardul Kalami, inda ya ba da labarin saɓaninsa da Malam Abdussalami, Ba'are, wanda ya yi tawaye daga Kware bayan rasuwar Shehu a 1817: a can ma ya kawo wasiƙun da suka gudana tsakaninsu.

Bagobiri yana da dalilin jin wannan batu a jikinsa. Hujjar Kanemi ta rayu da kalmominsa. Ta sarakunan Gobir Nafata da Yunfa kuwa, galibin abin da ke rubuce a kansu ta bakin abokan gabarsu ya zo. Abin da ya rage na ɓangaren Gobir yana bakin makaɗa da masu riƙe tarihin gidan sarauta, a Tsibiri da ke Jamhuriyar Nijar, inda Gobirawa suka kafa sabon mazauni bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da kuma Sabon Birni, wanda wani reshe nasu ya dawo ya kafa daga baya. Kufan Alƙalawa yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Duk wanda ya tsaya a wurin zai gane bambancin da ke tsakanin mutumin da aka kawo maganarsa da wanda aka ba da labarin maganarsa. Ai shi ya sa ake cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Takardar da aka ci ƙasa da ita

Ga kishiyar misalin. Lugard, jagoran Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya ba da rahoton cewa a watan Mayu na 1902 ya samu wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman, wadda ke nuna babu abin da ke tsakaninsu da Turawa sai yaƙi. Da fassarar Turancin wannan wasiƙa ya kafa hujja a gaban gwamnatin Ingila. Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris. Shekaru da yawa bayan haka, wani tsohon jami'in mulkin mallaka mai suna Muffett, a littafin da ya fitar a 1964, ya bi diddigin takardar ya nuna shakka mai ƙarfi a kanta, domin fassarar ce ke yawo, asalin Larabcin kuwa ba a gabatar da shi ba. Masu tarihi sun yi ta muhawara a kai tun daga lokacin. Maganar da aka ce wane ya ce, ta hannun mai fassara, ta hannun wanda ke da buƙata a cikinta, ta shiga cikin dalilan da aka tura sojoji da su.

Daga tawada zuwa waya

Da saƙon imel ya yaɗu a duniya, masu amfani da shi sun ci karo da matsalar da malaman Degel suka riga suka warware. Maganinsu ya zo kusan iri ɗaya. Manhajar takan sa layi a sama mai cewa a rana kaza, da ƙarfe kaza, wane ya rubuta, sannan ta sa wata 'yar alama mai kama da bakin kibiya a farkon kowane layi na maganarsa. Inda alamar ta ƙare, nan ne intaha. A watan Oktoba na 1995 aka fitar da wata takardar ladubban intanet mai lamba 1855, wadda ta shawarci mai amsa saƙo ya kawo daga maganar wancan gwargwadon abin da zai sa a fahimci amsarsa, kada ya wuce haka.

Gwargwadon nan shi ne wurin da ake zamewa, ta gefe biyu. Wani yakan bar dukan tsohon saƙon, da wanda ya gabace shi, da na gaban wancan, su yi ta jan jiki a ƙarƙashin amsarsa mai kalma biyu. Ma'aikatan ofis sun san haɗarin: ka tura wa baƙo saƙo, ka manta cewa a can ƙasa akwai hirar da kuka yi a kansa. Wani kuma yakan datse fiye da kima. A ce ɗan'uwanka da ke ci-rani ya rubuto, "Zan sayar da gonar fadama idan ban samu kuɗin maganin Inna ba kafin girbi." Ka ɗauki hoton rabin farko ka tura zauren dangi. Kowane harafi nasa ne, amma ka mayar da mai neman taimako ya zama mai cin gadon gida. Malamai kan buga misali da mai karanta farkon aya ta 43 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana kusantar salla cikin maye, ya tsaya kafin ya kai ga sharaɗin. Kalmomin "idan", "sai dai" da "amma" su ne ginshiƙan magana; wanda ya sare su ya rushe ɗakin ko da bai taɓa bango ba.

Ma'aunin da nake amfani da shi guda ɗaya ne. Kafin in tura guntun maganar mutum, nakan tambayi kaina: da yana tsaye a bayana yana kallon wayar, zai ce "E, abin da nake nufi ke nan"? Idan zai ce "bari in ƙarasa", to ban kawo isasshe ba.

Idan kuma saƙon yana ɗauke da batutuwa uku, ka bi hanyar mai sharhi. Ɗauko na farko, amsa shi a ƙarƙashinsa, sannan ka ɗauko na biyu. A WhatsApp ma akwai damar jan saƙo gefe domin amsarka ta fito manne da shi. A zauren da mutum 100 ke magana lokaci guda, "Ban yarda ba" da aka jefa ba tare da an manna ta da komai ba tana iya faɗawa kan ta'aziyyar wani.

Hanyar Isa

A wasu wurare wannan duka batun ladabi ne. A gabashin Sakkwato batun rai ne. Shekarun nan na 'yan bindiga sun sa kowa a Gatawa, da Tarah, da Bafarawa, da Turba yana kwana da kunne a kan waya. Saƙon murya ya shigo: "An ce kada kowa ya bi hanyar Isa gobe." Babu sunan mai magana, babu rana, babu wurin da yake tsaye. Wataƙila gaskiya ne, na yau ne, kuma zai ceci mota guda cike da mutane. Wataƙila kuma na bara ne, ya zagaya ta Maraɗi da Kano ya dawo. Majinyacin da za a kai asibiti ya fasa tafiya, mai tumatir ya bar kayansa suka ruɓe. Mafi muni, idan irin wannan ya yi yawa, ranar da gargaɗin gaskiya ya zo sai a ɗauke shi jita-jita.

Kamfanin WhatsApp ya yi nasa ƙoƙarin. A 2018, bayan kashe-kashen da jita-jita ta haddasa a Indiya, ya fara sa alamar da ke nuna turo saƙo aka yi. A farkon 2019 ya taƙaita turawa zuwa wurare 5 a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya riga ya yi yawo sosai zuwa wuri 1 kacal. Amma alamar "an ce" kawai take faɗi. Ba ta san wa ya ce ba, ba ta san yaushe ba. Wannan giɓin mai turawa ne kaɗai zai iya cike shi.

A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Waɗanda ke daf da iyaka suka koma neman layukan Nijar, saura kuma labari ya koma bakin direbobi da 'yan kasuwa. An sha wuya ƙwarai. Sai dai labarin baki yana da abu ɗaya da na waya ya rasa: mai kawo shi yana tsaye a gabanka, ka san gidansu, kana iya ce masa ganau kake ko jiyau. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarci muminai su bincika labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da wasu cikin rashin sani su dawo suna nadama. Bincike kuwa ba ya yiwuwa idan mai kawowa ya share sawun da za a bi.

To ga amsar tambayar da muka fara da ita. Laifinka ba turawar ba ce. Laifin shi ne ka karɓi magana da kai da ƙafa, ko ka karɓe ta ba su, ka miƙa ta gaba ba ka gaya wa na gaba halin da ka same ta ba. Layi ɗaya ya isa: "Wannan daga direban da ya baro Shinkafi da hantsin yau Talata, shi ya gani da idonsa." Ko kuma: "An turo mini, ban san mai maganar ba, ban san ranar ba." Na biyun ma aminci ne, domin ka sa "wai" ɗinka a inda ya dace.

Ka lura a misalin farko ban ambaci sunan direban ba, kuma da gangan ne. A yankin da ake farautar duk wanda ake zargi da kai rahoto, ambaton sunan mai labari yana iya zama sanadin ajalinsa. A nan ƙa'idar isnadi ta haɗu da wata ƙa'idar da ta girme ta, wato kare rai. Hanyar da na ga ta fi ita ce ka faɗi matsayinsa, da lokacin, da wurin, da ko gani ya yi ko ji, sannan ka sa sunanka kai a madadin nasa, ka ce "ni na ji daga bakinsa". Nauyin ya dawo wuyanka, wanda yake son ƙarin bayani ya neme ka.

Wannan ya kawo mu bakin wata tambaya da babin nan ba zai iya ɗauka ba. Akwai maganar da ko ka kawo ta daidai, da sunan mai ita, da farkonta da intaharta, kawo ta ɗin kansa cin amana ne: hirar da aka yi da kai a zaure, muryar da ka naɗa mai ita bai sani ba, saƙon da mace ta aiko wa mijinta. Yaushe magana take zama amana, kuma wa ke da ikon buɗe ta? Da wannan za mu shiga babi na bakwai.